Kujerar Dama

Ku kun ga tseren, ni ban gan shi ba.
Kaina a sunkuye tun hudowar rana,
littafin hanya a cinya, yatsa a kan layi,
Ha'il a bayanmu, Nafud a gaba,
ja wur, in ji su, kamar an shanya barkono.

Mu'ayyad ba ya son surutu.
"Faɗi lamba, Tanimu, bar wa'azi."
Sai in ce: mita ɗari uku, karkata hagu,
tudu ne mai yankakken baya, sassauta!
Ina! Bai san kalmar ba.
Mota ta tashi, hanjina ya rage a ƙasa,
muka dira, haƙorana suka gaisa da juna.

Daren jiya Baba Inuwa bakanike,
hannu baƙi ƙirin da man giya,
ya yi lissafi a bayan kwalin filta:
in mun zo na ɗaya, Fahhad ya gaza na huɗu,
kambun bana ya shigo aljihu
alhali da sauran tsere biyu a kalanda.
Ya duba, ya sake dubawa,
sai ya yayyaga kwalin ya cusa a murhu.
"Ba a cinikin biri a sama," ya ce,
ya koma ƙarƙashin mota da tocila a baki.

A kilomita casa'in da ɗaya muka tarar da Fahhad,
shi da ya ƙwace mana bara da maki biyu tak,
tayoyinsa sun nutse har bakin ƙofa,
yana tono da hannu, abokinsa da shebur.
Muka rage gudu mu ji ko lafiya.
Ya ɗaga yatsa, bai ɗaga ido ba.
Wallahi na ji nauyin a wuyana,
don yashin nan na san ɗanɗanonsa,
na ci shi a Jubba, shekara uku ke nan,
har yau ina tofar da ragowa.

Daga nan sai mu kaɗai.
Ba ƙura a gaba, ba ƙara a baya,
injin na ta karatunsa ba tuntuɓe,
zufa na bin ƙeyata cikin hular kwano.
Sau ɗaya na ɓata shafi.
Daƙiƙa huɗu na yi shiru,
Mu'ayyad bai juyo ba, ya dai ce, "Ina jinka,"
kamar mai jiran liman ya tuna aya.

Da muka tsallaka layi, aka kaɗa tuta,
mun sha gahawa kofi uku, mun ci dabino,
Baba Inuwa har ya yi alwala,
kafin mota ta biyu ta ɓullo daga tudu.
Minti goma sha tara.
Fahhad na bakwai.

Suka ɗaga Mu'ayyad a kafaɗa, ya cancanta.
Sunansa a ƙofa da manyan baƙaƙe,
nawa a ƙasa, ƙanana, yashi ya kankare rabi.
Ban damu ba. To, na ɗan damu.
Inna ta kira daga Makka, layi na yankewa:
"An ce kun ci. Kai ka ci abinci?"

Saura tsere biyu da ba sa bin mu bashi.
Ban san yadda ake karanta hanya ba tsoro ba.
Mu'ayyad ya ce gobe ma rana ce,
ya yi barci a kujera, kofin azurfa a ƙirji.

Ni kuwa bayan la'asar na cire takalmi,
na hau tudun da ke bayan tantuna,
ƙafa na nutsewa, ina haki kamar tsoho.
Sawun tayarmu na nan, layi biyu,
iska ta fara share na hagu.
Na tsaya na ɗaga kai.
Ashe da gaske ja ne.